Dunƙulalliya, 'yan gutsattsari ko dakakkiya: wace ƙanƙara ce ta fi dacewa da sanyaya ruwa?

Idan aka tambayi mutane wace ƙanƙara ce ta fi sanyi, masu son dunƙulalliya za su ce tasu ce, don tun safe ake saka ta amma tana kai yamma. Masu son dakakkiya kuma su ce sam, tasu ce, don kafin ka ajiye cokali ruwan ya fara kama haƙori. Kowannensu abin da ya gani ya faɗa, sai dai an kuskure tambayar. Kilo ɗaya na ƙanƙarar ruwa, ko dunƙule guda ce ko an daka ta ta yi gari, zafin da za ta iya shanyewa ɗaya ne. Bambancin yana wajen lokaci, wato ta shanye shi cikin minti biyar ko ta ja shi har awa goma. Wanda ya riƙe wannan, rabin zaɓinsa ya ƙare.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Ƙanƙara zafin ruwa take sha, kuma a matakai uku take shan sa. Wadda ta fito daga firiza yawanci tana kan digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Kafin ta fara narkewa sai ta ɗumama ta kai sifili, kuma wannan ba ya cin wani abin kirki: kowane giram yana buƙatar jul 2.1 (jul shi ne awon da ake ƙirga yawan zafi da shi) kafin ya hau digiri ɗaya, wato kusan jul 38 ke nan daga can ƙasa zuwa sifili. Mataki na biyu shi ne narkewar kanta, kuma a nan aikin yake. Giram ɗaya na ƙanƙara sai ya haɗiye jul 334 kafin ya koma ruwa, alhali duk tsawon lokacin ma'aunin zafi yana tsaye cak a kan sifili. A mataki na uku, ruwan da ya narke yana gauraya da sauran yana ɗumama, yana cin jul 4.2 a kowane digiri.

Wannan jul 334 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Da a kan ruwa aka zuba shi, zai ɗaga giram ɗaya daga sifili zuwa digiri 80. Masanin kimiyyar nan Joseph Black, wanda ya koyar a Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, shi ne ya fara bayyana wannan al'amari wajajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi, saboda zafi ne da yake shiga abu ba tare da ma'auni ya nuna ba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Ɗauki lita ɗaya ta ruwa mai digiri 30, ka zuba masa giram 250 na ruwan sanyi da ke kan sifili. Zai sauka zuwa digiri 24 kacal. Sake ɗaukar wata litar, wannan karon ka jefa giram 250 na ƙanƙara, ita ma a kan sifili. Idan ta gama narkewa za ka sami digiri 8. Nauyi ɗaya, sanyin farko ɗaya, amma ratar digiri 16, kuma duk daga narkewa ta fito. Idan ƙanƙarar sabuwar fitowa ce daga firiza, za ka sami kusan digiri 6. Ka ga ashe tsananin sanyin firizar da ake kurantawa digiri biyu kawai ya ƙara.

Ga lissafin yadda lita ɗaya mai digiri 30 take sauka da ƙanƙarar firiza:

| Nauyin ƙanƙara | Inda ruwan zai tsaya |
|---|---|
| giram 100 | digiri 19 |
| giram 200 | digiri 10 |
| giram 250 | digiri 6 |
| giram 300 | tsakanin digiri 2 da 3 |
| giram 340 ko fiye | sifili |

Wannan lissafi bai sa zafin kofi da na iska a ciki ba, don haka a aikace sai ka ɗan ƙara. Layin ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Da zarar ruwa ya kai sifili, ko ka ninka ƙanƙarar ba zai ƙara sauka ba. Rarar za ta tsaya tana yawo a sama, aikinta ya koma gadi, wato shanye duk zafin da ya kutso daga waje. Muddin da sauran ƙanƙara a ciki kuma ana juyawa, ruwan yana nan kusa da sifili. Tana ƙarewa zai fara ɗumama.

Ma'aunan da za a duba

Na farko sauri, na biyu daɗewa, kuma su biyun nan kishiyoyi ne da ba sa zama ɗaki ɗaya. Abin da ke raba su shi ne faɗin jikin ƙanƙarar da ruwa ko iska ke taɓawa. Dunƙulen kilo ɗaya mai kusurwa huɗu, kowane gefensa ya ɗan haura santimita 10, faɗin jikinsa duka kusan murabba'in santimita 640 ne. Yanka shi gutsattsari masu santimita 2.5, za ka sami kusan guda 70, faɗin jikinsu a haɗe ya ninka sau huɗu. Daka shi ya koma ƙwayoyi masu rabin santimita, ya ninka sau ashirin. Ƙofofin da zafi zai bi ya shiga ne suka ƙaru, shi ya sa sanyi ke zuwa da wuri, ƙanƙarar kuma ta ƙare da wuri.

Na uku tsafta, kuma shi ne ma'aunin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da yawancinsu kawai take yi. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa, idan ta narke gurɓataccen ruwa ce, kuma tana iya ɗauko cututtukan amai da gudawa. Ido ba ya raba gardama a nan. Farin da ake gani a tsakiyar ƙanƙara yawanci iska ce da ta maƙale yayin daskarewa, ƙanƙara kuma tana iya zama garau kamar gilashi amma da cuta a cikinta. Saboda haka tambayar farko kullum ita ce: a cikin abin sha za ta shiga, ko a bayan kwalba za ta tsaya?

Sai sirki. Idan ruwa zalla ne, narkewar ƙanƙara ƙari ce, lita ɗaya ta zama lita da kwata. Idan kuwa abin sha ne mai zaƙi ko ɗanɗano, wannan kwatan salance shi zai yi. Na biyar tsada da wahalar samu, na shida haɗari.

Dunƙulalliya

Ita ce sarauniyar daɗewa. A cikin kula mai murfi mai kama baki, babban dunƙule yana iya kwana, wani lokaci ya zarce, alhali gutsattsari masu nauyinsa sun daɗe da zama ruwa. A kan kilo ita ce yawanci ta fi araha, kuma a gida ba ta buƙatar komai sai roba mai faɗin baki da wuri a firiza, sai dai mai kilo uku ko huɗu tana iya cin kwana ɗaya ko biyu kafin tsakiyarta ya daskare. Wanda ya yi gaggawar cire ta zai tarar da ɓawo a waje, ruwa a ciki, ya ɗauka ya samu kilo huɗu alhali rabi ne ya daskare. Girgiza robar kusa da kunne, idan ka ji motsin ruwa mayar da ita.

Rauninta jinkiri ne. Jefa ta cikin bokitin ruwa ka bar shi ba juyawa, bayan minti goma sama ya yi sanyi, tsakiya da sauran ɗumi. Akwai ma wani hali na ruwa da ba kowa ya sani ba: ya fi nauyi a kan digiri 4. Da farko ruwan da ya narke yana nutsewa, mai ɗumi ya taso, bokitin yana juya kansa da kansa. Amma da zarar ƙasa ta kai wajen digiri 4, ruwan da ya fi haka sanyi ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama kusa da ƙanƙarar, juyawar ta lafa. Ludayi ɗaya a kowane 'yan mintoci yana maganin wannan.

Wajen tsafta kuma ita ce ta fi jawo shakku, domin babbar ƙanƙara ta saye sau da yawa don sanyaya kaya aka yi ta, an ja ta a ƙasa, an sare ta da ƙarfe, hannuwa da yawa sun taɓa ta. Ɗauraye bayanta yana wanke dattin hanya, amma ba ya canza ruwan da aka yi ta da shi. Idan ba ka san asalin ruwan ba, ta tsaya a bayan kwalba. Wajen fasa ta ma ana jin ciwo. Kada a riƙe ta a tafin hannu a soke ta da wuƙa, don tsinin yana zamewa. A naɗe ta da tawul mai tsafta, a ɗora a kan abu mai tauri, a buga da guduma.

'Yan gutsattsari

Waɗannan su ne na farantin firiza mai ramuka, kuma su ne tsaka-tsaki a komai. Suna daskarewa cikin awa uku zuwa huɗu, suna sanyaya kofi cikin 'yan mintoci idan an juya, kuma kai ka zaɓi ruwan da aka yi su da shi. Babbar fa'idarsu ita ce ana ƙirga su. Auna guda ɗaya sau ɗaya ka riƙe nauyinsa. Mai santimita 2.5 kusan giram 14 ne. Kofi mai kwatan lita da ke kan digiri 30 yana buƙatar giram 50 domin ya sauka digiri 10, wato guda uku zuwa huɗu. Daga nan ba sauran kintace.

Duk wanda ya taɓa jefa guda cikin ruwa mai ɗumi ya ji wannan ƙarar ta "ƙas", ya ga tsaga ta ratsa cikinsa kamar walƙiya. Bayansa ne ya ɗumama farat ɗaya ya buɗe, cikinsa kuwa yana nan a tsuke, sai ya tsage. Ba aibu ba ne, alama ce ta cewa ƙanƙarar busasshiya ce daga firiza. Wadda ta daɗe a waje tana sheƙi da ruwa ba ta wannan ƙarar. Busasshiyar kuma ita ce ke manne wa jiƙaƙƙen yatsa. Idan ta kama ka kada ka fizge, zuba ruwa za ta saki.

Matsalolinsu biyu ne. Suna ɗaukar warin duk abin da ke firiza idan an bar su a buɗe, don haka da sun daskare a juye su a leda ko roba mai murfi. Sannan idan suka ɗan narke aka mayar da su, sai su haɗe su zama curi guda. Na saye a leda sun fi dunƙulalliya tsada a kan kilo, kuma idan ka ga ledar ta zama dutse guda da daskararren ruwa a gindinta, ta taɓa narkewa a hanya.

Dakakkiya

Wajen sauri babu kamarta a cikin ƙanƙarar ruwa. Kofi yana kai wa sifili cikin minti ɗaya ko biyu da juyawa, kuma idan kwalabe ake son sanyayawa, tana shiga kowane lungu ta rungume su, abin da dunƙule ba zai iya ba. To amma yadda take shan zafin ruwa haka take shan na iska. Tun a wajen daka ta fara narkewa, kuma ruwa yana maƙale a jikin kowace ƙwaya. Idan ka auna kilo ɗaya na dakakkiyar da ta jima a waje, wani kaso ruwa ka auna, wanda ya riga ya kashe jul 334 ɗinsa a iska. Shi ya sa take salance abin sha fiye da sauran. A daka ta lokacin da za a yi amfani da ita, a tsane ruwan, a zuba. Sayen ta domin anjima asarar kuɗi ce, sai dai in kular mai kauri ce sosai. Injin markaɗe kuma, in ba wanda aka yi don haka ba ne, tana dakusar masa da wuƙa ko ta tsaga kofinsa.

Daskararriyar gora da fakitin jel

A nan ƙanƙarar tana kulle a cikin roba, don haka ba sirki, ba jiƙa kaya, ba batun asalin ruwa ga abin da ake sanyayawa, kuma ana maimaita amfani da ita har ta tsufa. In da ruwan sha aka cika gorar, idan ta narke ka samu abin sha mai sanyi a kyauta. Wajen tsada kusan ba ta cin komai sai wutar firiza. Tana daɗewa kusan kamar dunƙulalliya, jinkirinta ma ya fi, saboda roba da ruwan da ya narke a ciki suna tare zafi. Za ka ga sandar ƙanƙara tana kaɗawa a tsakiyar gorar awanni bayan gefe ya narke.

Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, don haka a bar kashi ɗaya cikin goma na gorar ba kowa. Wadda aka cika maƙil tana kumbura gindi ko ta tsage. Kwalbar gilashi kuwa kada ta shiga firiza ko kaɗan.

Akwai dabarar da ta haɗa sauri da daɗewa. Zuba ruwa rabin gorar lita ɗaya, ka kwantar da ita a ɗan karkace yadda ruwan ba zai toshe baki ba. Idan ya daskare ka cika da ruwan sha. Ƙanƙarar tana kwance tsawon gorar, don haka ruwan yana taɓa ta ko'ina. Rabin lita mai digiri 30 zai sauka sifili bayan ya narkar da kusan giram 130 kawai, saura giram 370 ya tsaya gadi.

Fakitin jel yawancinsa ruwa ne da aka kaurara, ƙarfinsa kusa da na ƙanƙara ko ƙasa kaɗan. Siffarsa ce fa'idarsa, yana shimfiɗuwa a gefen kula. Ba a saka shi cikin ruwan sha, kuma wanda ya huje a jefar.

Ƙanƙara da gishiri

Wannan hanya ce ta gida da ke saukar da ruwa ƙasa da sifili bai daskare ba. Gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa, ita kuma dole ta nemo jul 334 ɗin nan, sai ta zare shi daga jikin haɗin kansa. Da kaso ɗaya na gishiri a kan kaso uku na dakakkiyar ƙanƙara ana iya kusantar digiri 21 ƙasa da sifili, kuma iyakar gishirin girki ke nan, ƙari ba ya ƙara komai. A lura, gishirin bai ƙara wa ƙanƙarar ƙarfi ba, saurin kashe shi ya sa ta yi. Wanda ya barbaɗa gishiri a kula don ƙanƙara ta daɗe ya yi aikin baban giwa.

Amfaninsa shi ne sanyaya rufaffun kwalabe da gwangwani cikin gaggawa: ƙanƙara, gishiri, ɗan ruwa da zai cike ramuka, a nutsar da kwalabe ana mirgina su. Haɗarinsa ya fi yadda ake zato. Haɗin yana ƙona fata idan ya jima a kanta, kwalbar da aka manta a ciki tana daskarewa ta fashe, ruwan gishirin yana cin ƙarfe, kuma dole a ɗauraye bakin kwalba kafin a sha.

Duwatsu da ƙarafan sanyaya

Ana tallata su da cewa suna sanyaya abin sha ba sirki. Kallon kitse ake wa rogo. Abin da ba ya narkewa ba shi da ɓoyayyen zafi. Giram 100 na ƙarfe zalla daga firiza, a kofi mai kwatan lita da ke kan digiri 30, digiri biyu kawai zai rage; ƙanƙara mai nauyinsa za ta kai kofin sifili har ta yi saura. Masu ruwa a ciki sun fi dama-dama, domin ƙaramar daskararriyar gora ce a fakaice. Ga tsada, ga barazana ga haƙori, ga haɗarin yaro ya haɗiye.

Busasshiyar ƙanƙara

Wannan ba ƙanƙarar ruwa ba ce, iskar kabon-dayoksaid ce da aka daskarar, tana kan digiri 78.5 ƙasa da sifili, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa kai tsaye, tana shan kusan jul 570 a kowane giram. Don riƙe daskararrun kaya a doguwar tafiya tana da kyau. Don ruwan sha kuwa ba ta dace ba. Tana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, haɗiye gutsurenta yana yi wa maƙogwaro da ciki mummunan lahani, kilo ɗaya yana fitar da iska fiye da lita 500, don haka rufaffiyar gora fashewa za ta yi, kuma a rufaffen ɗaki ko mota iskar tana taruwa a ƙasa ta shaƙe mutum. Sai da safar hannu mai kauri da wuri mai iska.

Firij kawai, ba ƙanƙara

Idan akwai lokaci da wuta, wannan ya fi komai sauƙi da tsafta. Kwalba tana sauka zuwa digiri 4 ko 5 cikin 'yan awanni, ba sirki, ba haɗari. Wajen wuta ma ya fi araha. Mayar da kilo ɗaya na ruwa mai digiri 30 ƙanƙarar firiza yana buƙatar a zare masa kusan jul dubu 500, daidai da sanyaya lita shida daga digiri 30 zuwa 10. Zafin da aka zare ɗaya ne, amma inji ya fi wahala idan yana aiki can ƙasa da sifili. Abin da ƙanƙara ta fi shi da shi, rumbu ce: tana tara sanyin lita shida a cikin kilo ɗaya, ka ɗauka ka tafi da shi inda babu wuta.

| Hanya | Sauri | Daɗewa | Sirki | Tsada | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Dunƙulalliya | jinkiri | sosai | a hankali | araha | asalin ruwa, rauni wajen fasawa |
| 'Yan gutsattsari | matsakaici | matsakaici | matsakaici | matsakaici | asalin ruwa idan na saye ne |
| Dakakkiya | sosai | kaɗan | da yawa | matsakaici, ga asara | asalin ruwa |
| Daskararriyar gora | jinkiri | sosai | babu | araha ƙwarai | tsagewa idan an cika |
| Ƙanƙara da gishiri | fiye da duka | kaɗan | babu, a bayan kwalba | ƙarin kuɗin gishiri | ƙunar fata, fashewar kwalba |
| Dutse ko ƙarfe | rauni | kaɗan | babu | tsada | haƙori, haɗiyewa |
| Busasshiya | ba ta ruwan sha ba | sosai | babu | tsada | ƙuna, shaƙewa, fashewa |
| Firij | awanni | sai da wuta | babu | araha | ɗaukewar wuta |

Mazubin ma yana da nasa

Ƙanƙara mai kyau a mummunan mazubi asara ce. Raɓar nan da ke tsatstsafowa a bayan kofi daga iska take, kuma kowane giram na tururin da ya kwanta ya zama ruwa yana sakin zafin da zai narkar da kusan giram bakwai na ƙanƙara. Shi ya sa a wuri mai laima ƙanƙara take ƙarewa da wuri. Murfi, busasshen tawul a naɗe, ko fulas mai bango biyu suna tare wannan. Kula kuma a sanyaya cikinta tukuna, a cika ta yadda ba za a bar sarari ba, a ajiye a inuwa, a rage buɗewa, kuma in da hali kayan su shiga da sanyinsu.

Ana kuma gardama kan zubar da ruwan da ya narke a kula. Idan kwalabe ne a ciki, a bar shi. Yana kan sifili, da sauran amfaninsa, kuma ruwa ya fi iska isar da zafi fiye da sau ashirin, don haka kwalbar da ke nutse ta fi wadda ke zaune a kan busasshiyar ƙanƙara saurin sanyi. Idan kuwa akwai abin da jiƙa zai ɓata, ko ruwan zai kai bakin kwalabe alhali ba a yarda da tsaftarsa ba, a rage shi.

Wa ya dace da me

Mai son kofi ɗaya yanzu-yanzu, gutsattsari uku ko huɗu da ya yi da ruwan da ya yarda da shi sun ishe shi, ya juya da cokali. Idan abin shan mai ɗanɗano ne kuma zai jima yana kurɓa, babban gutsure guda ya fi ƙanana da yawa, ko kuma ya daskarar da wani kaso na abin shan kansa ya yi amfani da shi a matsayin ƙanƙara.

Mai tafiyar yini guda, daskararriyar gora ce tasa, musamman ta rabi da rabi. Mai ruwan taro ya yi lissafi tun da wuri: lita 20 daga digiri 30 zuwa 10 kilo huɗu take ci, sai ya ƙara na gadi gwargwadon awannin da za a yi. Ya fasa kilo huɗun su yi aikin sauri, na gadin kuma ya bar shi dunƙule. Wanda baƙi suka yi wa ba-zata da kwalabe masu ɗumi, dakakkiya da ruwa da gishiri, amma ya tsaya a kansu har ya cire.

Wanda bai san asalin ƙanƙararsa ba, ko wace iri ce, ya zuba ruwan shan a rufaffiyar gora ya nutsar a cikinta. Wanda kuma ya tafasa ruwa don tsafta, kada ya yi gaggawar jefa ƙanƙara: lita ɗaya daga digiri 100 zuwa 10 tana cin fiye da giram 900, kofin gilashi yana iya tsagewa, kuma in ƙanƙarar ba da tafasasshen ruwa aka yi ta ba, an gudu ba a tsira ba. Ya rufe tukunyar, ya tsoma gindinta a bahon ruwa har ta huce ta kai digiri 30, sannan giram 200 su ƙarasa aikin.